Gaba da Bayan Cokalin Inna

Sabo, Ibadan

Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan lafiya lau, sai ɓacin ran da ka aiko mana.

Da hannuna nake rubuta wannan, 'yata Zulaihat za ta ɗauki hotonsa ta tura maka a waya. Ina ganin kiranka, ba zan ɗauka ba. Idan na ji muryarka yanzu zan faɗi abin da sai na yi istigfari a kansa.

Me na tambaye ka? Cokalin Inna ya yi baƙi, na ce tunda aikinka ke nan a can, kullum kana shagon kayan tarihi kana goge tsofaffin cokulan Turawa, ka gaya mini abin da zan sa masa ya yi haske kafin Zulaihat ta sauka. Ka ce in turo hoton gaba da baya. Na turo. Amsa ba ta zo mini ba, sai ga ta a gurup ɗin dangi, inda surukai suke, inda yaran da ba su gama sakandare ba suke. Ka zagaye hoton da jan layi, ka rubuta wai cokalin ba daga Makka ya zo ba, na Amurka ne, kuma rubutun da ke mariƙinsa ba sunan Allah ba ne, harafin boko ne muka kifa. Har da ɗan hoton fuska mai dariya ka liƙa a ƙarshe.

Kai ka san abin da cokalin nan yake. Kakanmu Alhaji Mahmudu ne ya zo da shi daga Makka, kakarmu ta yi ungozomanci da shi, ta bar wa Inna, Inna ta bar mini. Daga layin 'yan goro har bakin Mokola, duk jaririn da aka haifa sai an ɗiga masa zamzam da ɗan ruwan dabino da shi, don abin da zai fara shiga bakinsa ya biyo ta kusa da sunan Allah. Yanzu a asibiti ake haihuwa, amma ko jaka ba a gama ajiyewa ake aiko mini. Kai ma da shi aka ɗiga maka. Ni na riƙe ƙafafunka kana ta tsala kuka.

Saƙonka bai kwana a gurup ba. Surukar Lami ta layinmu ta haihu, an dawo gida, an yi wanka, ban ji ba sai ranar suna. Na je kasuwar Shasha sayen kayan yaji, wata da ban ma san sunanta ba ta ce, “Hajiya, ina cokalin Oyinbo, cokalin Bature?” Mutane suka yi dariya. Ban damu da kaina ba kamar yadda na damu da Inna. Matar da ta shekara hamsin ana kiranta cikin ruwa da rana, yau ana cewa ko dai ba ta iya karatu ba, ko dai ta sani ta yi shiru.

Ba ka zo jana'izarta ba, muka ce nisa ne, muka yi maka uzuri. Ashe nisa bai hana hannunka isa kabarinta ba.

Ka koma gurup ɗin ka ce kuskure ka yi. Abin da nake so ke nan.

Ka gaida Muhibbat da yara.

Yayarka,
Khairunnisa

*

Philadelphia

Zuwa ga Yaya Khairunnisa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Zulaihat, Allah ya sauke ta lafiya. Takardarki ta iso, na karanta har ƙarshe, har da maganar kabari, wadda ban ci ta a wurinki ba.

Fuska mai dariya na cire ta. Sauran kuwa ba zan iya cewa kuskure ba ne, don ba kuskure ba ne. Ki ba ni dama in nuna miki abin da na gani, in kin gama ki ci gaba da fushinki.

Ki kifa cokalin ki duba bayan mariƙin, ƙasa kaɗan inda ya fara sirancewa. Akwai ƙananan tambura da aka buga da ƙarfe. Inna tana cewa tabon wuta ne. Ki ari gilashin mai gyaran waya ki duba. Na farko ɗan akwati ne mai haruffa uku a ciki, T.B.K. Sunan maƙerin ke nan, haka maƙeran azurfa na Amurka suke yi wa kayansu shaida. Kusa da shi akwai ɗan tsuntsu ya buɗe fukafukai, mikiya ce. Na ƙarshe kalma ce, COIN, wato kwabo. Ma'anarta azurfar cokalin daidai take da ta kuɗin ƙarfen ƙasar a lokacin, kashi tara cikin goma. Bayan wajen 1868 manyan maƙeran nan suka koma wata azurfar da ta fi tsabta, suka riƙa buga STERLING. Ingila suna da harafin shekara a kayansu, Amurka galibi ba su da shi, shi ya sa da irin waɗannan alamun muke lissafi. Idan kika haɗa da siffar mariƙin, mai faɗi a sama da 'yan kafaɗu biyu kusa da baki, cokalin nan an ƙera shi tsakanin 1840 da 1860. Kuma azurfa ce har ciki, ba ruwan azurfa aka yi masa ba.

Rubutun gaba kuma da hannu aka sassaƙa shi bayan an saya. Masu hali a nan suna sa a rubuta harafin farko na sunan gidansu a cokula, da lanƙwashe-lanƙwashe don ado. Mu kullum bakin cokalin a sama muke riƙe shi, sai mu ga alif da lam biyu da ha. Ki juya bakin ya kalli ƙasa. M ce.

Yadda ya zo hannun Kaka ban sani ba, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Zato kawai nake. 'Yan mishan na Amurka sun daɗe a Ogbomosho, shi kuma ta nan yake bi da shanu daga Ilori. Mai yiwuwa wani kuku ne ya sayar masa. Mai yiwuwa kuma a kasuwar Makka ya tsince shi, kaya suna yawo. Amma inda aka ƙera shi ba zato ba ne.

Kin tambayi dalilin da na sa a gurup. Murna ce, Yaya. Na shekara goma sha wani abu ina duba cokulan kakannin wasu, ranar nan na buɗe waya na ga namu ya girmi yawancin abin da ke shagon. Na ɗauka kowa zai yi alfahari. Tun da na bar Sabo duk abin da na faɗa sai a ce Turawa ne suka sa a bakina. Da malami ne ya duba littafi ya gaya muku, da kun ce masha Allah. Ni da na duba nawa littafin na zama mai tone kabari.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki daina goge shi da toka da yashi, mikiyar ta kusa shafewa. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Ƙaninki,
Sharfuddeen

*

Sabo, Ibadan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Malam Manniru ɗan Alhaji Mahmudu zuwa ga ɗanmu Sharfuddeen. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Bayan haka:

An karanta mini bayanin da ka yi a kan cokalin 'yar'uwata, Allah ya ji ƙanta. Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ba na son yadda mata suke layi a kan cokalin nan kamar shi ke rayawa, amma ina ganin sunan Allah a jikinsa sai bakina ya mutu. Kuma duk zamanmu mun ɗauka farin ƙarfe ne irin na agogo. Yanzu ka warware mana abu biyu. Babu sunan Allah a jiki, sannan azurfa ce tsantsa. Ci da sha a cikin azurfa kuwa an hana mu, namiji da mace, babba da yaro, wannan ko ɗan Islamiyya ya sani. Abin da ya wuce a kan rashin sani Allah mai gafara ne. Abin da zai zo ba mu da uzuri.

Saboda haka, a matsayina na babban da ya rage a gidan nan, na yanke cewa kafin Zulaihat ta haihu za a kai shi wa Nata'ala maƙeri ya narka shi. A yi zobba a raba wa matan gidan, ado ya halatta gare su. Na gaya wa yayarka, ta tashi ta bar ni zaune a zaure ko sallama babu. Kai da take jin maganarka, ka ja mata kunne.

Ladan wannan gyara naka ne.

Wassalam,
Kawunka

*

Philadelphia

Yaya,

Salam. Ina gaisuwa. Na kira ba ki ɗauka ba, na kira Kawu ya ce magana ta ƙare.

Narkawa? Abin da ya tsallake teku, ya wuce hannun Kaka da kakarmu da Inna, shi za a jefa a kasko a yi zobban da za su ɓace a wurin wanke-wanke kafin Sallah? Wallahi ban faɗi abin da na faɗa don wannan ba. Kuma ladan da Kawu yake ba ni ya riƙe abinsa. Shi kansa da cokalin nan aka buɗe masa baki, shekara saba'in bai ga haram ba sai da na aiko da hoto.

Kin san me ya sa irin wannan cokalin ya yi wuyar samu? Don haka aka yi ta yi musu a nan ma, ana narkawa ana sabon yayi. Maƙerin nan T.B.K. na duba littattafan da muke da su a shago ban same shi ba tukuna. Mai yiwuwa ɗan ƙaramin gari ne, mai yiwuwa abin da ya rage na aikinsa bai taka kara ya karya ba. Idan Nata'ala ya hura wuta, sunan mutumin nan ya tafi.

Ga shawara. Usman ɗan Alhajin goro zai taso nan ƙarshen wata. Ki naɗe shi a tsumma ki ba shi ya kawo mini. Babu wanda zai ci da shi, hujjar Kawu ta faɗi. Zan sa shi a akwatin gilashi, in rubuta tarihinsa a ƙasa, da sunan Inna. In kin ga dama ki gaya wa Kawu ya ɓata.

Ki amsa mini, ko da zagi ne.

Ƙaninki,
Sharfuddeen

*

Sabo, Ibadan

Sharfuddeen,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zulaihat ƙafa ta kumbura, likita ya ce kowane lokaci.

Na karanta takardunka biyu. A ta biyun na ga ka yi kuka sosai a kan sunan wani T.B.K. da ba ka taɓa gani ba, kada ya ɓace. Sunan uwarka da ake yawo da shi a bakin famfo bai sa ka rubuta layi ɗaya ba. Sannan ka ce in yi wa ƙanin Inna ƙarya in ce ya ɓata. Sannu da tarbiyya.

Kai da Kawu ban ga bambancinku ba. Shi yana so ya sa a wuta, kai kana so ka sa a gilashi. A cikinku babu wanda ya taɓa zama da mace mai naƙuda, babu wanda ya san yadda hankalin uwa yake kwanciya idan ta ga an ɗauko cokalin nan. Kun taru ku biyu kuna yanke hukunci a kan kayan aikina, ɗaya da littafin Larabci, ɗaya da na Turanci.

Kawu ya dawo ranar Juma'a da mijin Zulaihat a bayansa. Yaron da ni na yi masa wankan farko ya sunkuyar da kai ya ce, “Umma, don Allah kada a kawo cokalin ɗakinmu, mutanen gidanmu sun yi magana.” Na ce da Kawu, “Kawu, shebi, ai kai ma da shi aka ɗiga maka?” Ya ce, “Shi ya sa nake istigfari.” Zulaihat tana ɗaki tana ji. Da suka tafi ta fito ta ce, “Umma, ni dai kada a yi faɗa a kan ɗana tun bai zo ba.”

Maganar azurfa ban musa ba. Na tambayi malamar Islamiyyarmu a ɓoye, ta ce haka ne. Na ji zafi, amma hukunci ne, ba ni da ja.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. Da farko na rantse ba zan juya shi ba. Na ce ƙarya kake, Allah ya isa tsakanina da jan layinka. Sai ranar nan ina wanke shi, da ruwan ɗumin naka da sabulu, ya suɓuce ya faɗa roba bakinsa yana kallona. Na gan ta, Sharfu. M ce ƙiri-ƙiri, irin ta allon makarantar boko, da 'yar jelarta. Na yi sauri na mayar da shi yadda Inna take riƙewa. Ta ƙi tafiya. Yanzu ko ta ina na riƙe shi ita nake gani, a tsaye ko a kife. Tun ina yarinya nake buɗe tsumman nan in ga sunan Ubangijina, ba sai na nema ba. Yanzu sai na ƙanƙance ido na lallaɓa, kamar mai neman fuskar wanda ya mutu a jikin ɗansa.

Sakinat maƙwabciyata Bayarabiya ta same ni ina kuka. Ta karɓa ta jujjuya ta ce, “Ah ah, Iya Zulai, e ma binu, yi haƙuri. To M ɗin ma ba Muhammadu ba ne? Ko ta ina dai kin ci riba.” Na yi dariya don ta ji daɗi. Amma na san ba Muhammadu ba ne. Wata mata ce da ta sha shayi da shi ta mutu, ba ta san da mu ba.

Ka ce murna ce ta sa ka. Na yarda. Da ka kira ni ni kaɗai ka ce, Yaya ga abin da na gani, da na ce ka bar shi a cikinka har in gama nawa zamanin, kuma da ka bari. Wannan kaɗai nake bin ka, kiran waya ɗaya kafin gurup. Kai da ka iya gane shekarar cokali daga hoto, ba ka iya gane abin da zai yi wa yayarka ba.

Ba zan ba Usman ba. Ba kuma Kawu ne zai ɗauke shi daga ɗakina ba. Abin da zan yi ban sani ba tukuna, kuma in na sani ba shawararka zan nema ba.

Ka gaida Muhibbat. Ita ba ta yi mini komai ba.

Khairunnisa

*

Sabo, Ibadan

Sharfuddeen,

Salam. Zulaihat ta sauka lafiya, mace. Da yatsana na shafa mata dabino a baki.

Ni na kai cokalin wurin Nata'ala da ƙafata, na tsaya a kansa. Ban bari ya narka duka ba, na sa ya yanka shi uku. Bakin ya narka ya yi wa jaririya 'yar munduwa. Kawu ya gani, ya ce tunda ba a ci da shi ba shi da magana.

Tsakiyar, inda maƙerinka da tsuntsunka da kwabonka suke, na ba Usman a cikin ambulan. Ko ƙwarzane babu. Shi ne abin da ka gani a cokalin Inna, to ga rabonka, ka sa a gilashi.

Kan mariƙin mai rubutu nawa ne. Na ce a huda shi in rataya a wuya. Nata'ala ya ɗauko abin huji ya ce, “Hajiya, ta wane gefe zan huda, nan ko nan?” In aka huda ta nan sunan Allah ne zai tsaya a ƙirjina, in ta can M ce. Na tsaya a maƙera kamar wadda aka dasa. Har ya gaji ya koma kan wani aikin.

Yana nan a ƙulle a bakin zanina, ba a huda ba. Watannin baya ko yaron goye ba zai yi mini wannan tambayar ba, kuma da an yi da na amsa ban duba ba.

Suna ranar Asabar. Ka yi wa yarinya addu'a daga can. Kada ka kira ni tukuna.

Yayarka,
Khairunnisa